Haƙoran Injin Rake

Dogon Fadama, ta Maƙarfi
Farkon Oktoba

Zuwa ga amaryata Rekiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani. Damina ta yi albarka, rake a fadama ya yi tsawo har mutum na shiga ya ɓace. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

In kin manta, ni ne Ilu, ɗan baffan kakanki Maidaji, wanda kika taɓa yi wa kuka a gidan biki don na ce zan ɗauke ki mu tafi ƙauye. Mahaifiyarki ce ta gaya mini a Kano cewa kina ƙasar Sin kina koyon yanka ƙarfe da kwamfuta. Na yi dariya na ce ashe amaryar tawa maƙeriya ta zama ba a sanar da ni ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Injin matse raken gidanmu, wanda doki ke juyawa, ya tsaya tun ƙarshen aikin bara. Rola uku gare shi, kowace da faifan ƙarfe mai haƙora a kanta, haƙoran ne ke kama juna su juya. Na tsakiyar ne ya zubar da haƙora biyu. Na kai Zariya, na kai Kano, an yi walda ta ɓalle. Kamfanin da ya ƙera shi kuwa an ce ko sunansa ba a ji yanzu. Mahaifina ne ya kafa injin nan, da shi muke mazarƙwaila tun ban isa riƙe linzami ba.

Ɗana Al-Amin ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, raken kuma a riƙa ba masu motoci ɗanyensa, kowa ya huta. Ba mugunta yake nufi ba, wahalata yake gani. Mun yi ta ja har na gaji, na yi masa alkawari a gaban 'yan'uwansa: in lokacin sara ya yi, tsakiyar Disamba, injin bai juya ba, ya kira su su zo da sikelinsu. Ranar da aka ɗora injin nan a sikeli, mazarƙwaila ta ƙare a gidan nan ke nan. Ina jin tsoron ranar, ba zan ɓoye miki ba.

Hajiya Hindu, maƙwabciyar mahaifiyarki, za ta zo baje kolin garinku. Na naɗe faifan a buhu na ba ta tare da takardar nan, ta karɓa tana mita wai na cinye mata wurin kaya. Ki duba shi. In kwamfutarku za ta iya, ki yi mini irinsa.

Angonki da kika guda,
Ilu

Baiyun, Guangzhou
Ƙarshen Oktoba

Zuwa ga tsohon angona,

Na sami takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. Gwiwa kuwa Allah ya sawwaƙe, amma ka sani ni ba zan zauna da miji mai ɗingishi ba, ka nemi magani tun da wuri. Ni lafiya lau nake, zafin garin nan mai danƙo ya fara sauka. Kuma ban manta da kai ba. Wa zai manta wanda ya ɗura masa mazarƙwaila har ya kwana da ciwon haƙori?

Na je Pazhou inda ake baje kolin, na tarar da Hajiya Hindu a rumfar masu firiji tana ciniki da hannu da ƙafa. Sinancinta duka kalma biyu ne, lawban, wato maigida, da meyo, wato babu, amma da su take sa mutum ya sauko har ya yi mata godiya. Ta miƙo mini buhunka ta ce in gaya maka kafaɗarta ba ta yafe ba. A tashar jirgin ƙasa sai da masu tsaro suka sa na kwance shi, suka taru suna kallo.

Ina koyon aiki a wata ƙaramar ma'aikata a nan Baiyun, a hannun wani dattijo, Shifu Liang. Shifu shi ne sunan da suke ba ubangidan sana'a. Ya juya faifanka, ya shinshina, ya ce ƙanshin sukari yake yi. Da na ba shi labarinka sai ya ce a garinsu ma rake ake nomawa. Ya ba ni inji ranar Lahadi in yi da hannuna, ya ce shi ba zai sa baki ba.

Bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka je kana ba mutane labarin tsafi. Da farko na auna faifan ta ko'ina, na zana shi a kwamfuta. Ita kuma ta mayar da zanen ya zama umarni, layi bayan layi: je wuri kaza, sauka kaza, yanka har wuri kaza, da sauri kaza. Hanya uku injin ya sani, dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, kuma duk siffar da ka gani daga ukun nan take fitowa. Sai a ɗaure gundumen ƙarfe tam a kan teburinsa, a nuna masa wuri ɗaya a ce nan ne mafari, daga nan zai ƙirga komai. In ka kuskure mafari aikin duka ya karkace, shi ko a jikinsa. Kafin wuƙar injin, wadda ke yankan, ta taɓa ƙarfe sai a sa ta yi tafiyar tata a iska, mutum na tsaye da yatsa a kan jan maɓalli ko za ta nufi inda bai kamata ba. Daga nan a rufe ƙofar injin, wuƙa na juyawa, wani ruwa fari kamar madara na zuba a kanta don kada ta ƙone, ƙarfe na zubowa siri-siri. Injin ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa, amma ba shi da tunani ko kaɗan. Abin da ka faɗa masa shi zai yi.

Haƙora biyun da suka karye na kwafo su daga na kusa da su. Da na ɗora sabon a kan tsohon, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Kaka, daɗi kamar ya kashe ni. Hajiya za ta taho maka da shi jibi, tsohon kuma na riƙe a wurina. Ka gaya wa Kawu Al-Amin ya nemo wa 'yan gwangwan wani abin.

Amaryarka maƙeriya,
Rekiya

Dogon Fadama
Nuwamba

Zuwa ga Rekiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Saƙo ya iso hannuna. Na ga aiki, duk wanda ya gani ya yaba. Sak tsohon ne, babu inda ya bar shi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar karatu. Ki miƙa godiyata ga maigidan aikinku. Kada ki ƙara wahalar da kanki a kan maganar nan, ki mai da hankali ga abin da ya kai ki.

Al-Amin ne zai ɗauki hoton takardar nan ya turo miki in ya shiga Maƙarfi, don nan waya ba ta kamawa.

Kakanki,
Ilu

Baiyun
Tsakiyar Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba.

Da takardarka ta shigo wayata na yi tsalle a tsakiyar ma'aikata, na fassara wa Shifu ita, har ya aika aka sayo wa kowa lemo. Na kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai ranar Juma'a a cikin bas, ina dawowa daga wurin wata ƙawata 'yar Damagaram, na sake buɗe ta don in ƙara jin daɗi, sai na ga abin da murna ta hana ni gani. Ka kira ni Rekiya kawai, babu amarya. Takarda guda babu tsokana ko ɗaya, ko gorin ɗingishin da na yi maka ba ka rama ba. Ka ce an ga aiki an yaba, amma ba ka ce injin ya juya ba. Mutumin da injinsa ya tashi bayan ya fid da rai ba haka yake rubutu ba.

Na kira wayar Kawu Al-Amin ba ta shiga. Na kira Mama, ta ce ita ma abin da ta ji ke nan, wai kaya ya yi kyau. Na san halinmu, ba a kushe kyauta, balle wadda ta ƙetaro teku. Amma ni ba tsaraba na aiko maka ba, aiki na yi, kuma aiki in bai yi ba sai an gaya wa mai shi. Don girman Allah ka ajiye kara ka faɗa mini abin da ya faru tun daga sa'ad da aka ɗaura doki. Wace ƙara ya yi? A ina ya tsaya? Disamba fa tana matsowa.

Jikarka,
Rekiya

Dogon Fadama
Ƙarshen Nuwamba

Amarya sarkin bin diddigi,

Muna lafiya, rake ya fara nuna. Takardarki ta daɗe a wayar Al-Amin kafin ya kawo mini, ya ce babu sabis. Ni dai ina zargin ba ya so a sake tayar da maganar ne. Shi zai ɗauki hoton wannan ma, ya musa in zai iya.

To, kin kama ni. Mun ɗaura faifan, ya zauna yana ƙyalli, mutanen unguwa sun cika wurin. Da babu rake a ciki ya juya lafiya lau. Muka sa siririn kara ɗaya ya matse. Da muka sa masu kauri sai ya fara ƙas-ƙas, haƙora na tsallake juna, gungumen da doki ke ja ya fizge, dokin ya firgita ya kusa take ni. Ga shi kuma faifan yana rawa a kan ƙarfen da yake zaune. Haka tsohon ya daɗe yana yi kafin ya karye, muna cusa masa gwangwani muna lallaɓawa. Ban rubuta miki wannan tun farko ba don na zaci karyewar ita ce ciwon.

Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ji kunya, na kuma ji tausayinki. Yarinya ta ajiye karatunta ta yi wa tsoho aiki a ƙasar mutane, sai in ce mata bai yi ba? Hannuna ya kasa rubutawa.

Al-Amin ya riga ya yi magana da wani mai gwangwan, Shitu, sun tsayar da ranar kasuwar tsakiyar Disamba. Ni na haƙura. Faifanki na rataye shi a zaure, ya yi kyau a wurin.

Angonki,
Ilu

Baiyun
Ƙarshen Nuwamba

Kaka,

Na gode Allah da kuke lafiya, na kuma gode da ka faɗa mini gaskiya. Amma ban yarda ka haƙura ba.

Da na gama karantawa na jawo tsohon faifan daga ƙarƙashin gado na dube shi da kyau. Haƙoransa sun siɗe, sun yi siririn kai, sun kwanta gefe ɗaya. Ramin tsakiyar ya buɗe, ya koma kamar ƙwai. Shekaru sun ci shi, ni kuma na zauna na auna cin da suka yi masa dalla-dalla na ba inji, inji ya yi mini biyayya. Sabon ƙarfe na aiko maka da tsufan tsohon a jikinsa. Na ji haushin kaina sosai. Shifu ya dafe kai ya ce shi ma ya kamata ya tambaya, sai dai su aikinsu da zane yake zuwa, ba a saba kawo musu gawa a buhu ba.

Yanzu ba irinsa za mu yi ba, yadda yake ranar da ya fito daga hannun maƙerinsa za mu nemo. Kuma duka ukun za a sake, don sauran biyun ma dole sun siɗe. Ana iya gano asalin haƙori da lissafi in an san yawan haƙoran kowane faifai da tazarar da ke tsakanin tsakiyar rola da tsakiyar 'yar'uwarta. Wannan kuwa a wurinku yake.

Kawu Al-Amin, na san kai ke fara karanta takardun nan, don haka da kai nake. Ban ce ka fasa maganarka da Shitu ba. Roƙona ka shiga Zariya wurin masu gyaran injin mota, ka ɗauko wanda ke da ma'aunin nan mai baki da ke nuna lamba. A kwance kan injin, a goge tsatsa, a auna kaurin ƙarfen da kowane faifai ke zama a kai, da tazarar tsakaninsu, a ƙirga haƙora. Kowane awo a ɗauki hotonsa lambar ta fito sosai. In ka yi mini wannan kuma bai yi ba, ni da bakina zan ba Kaka haƙuri.

'Yarku,
Rekiya

Baiyun
Disamba

Angona, da Kawu,

Ina gaishe ku da aiki. Ni lafiya, sai dai hannuwana sun yi baƙi, Mama ta gan su a waya ta yi salati.

Hotuna sun iso, har da waɗanda ban roƙa ba. Kawu ya gano ƙarfen da faifan tsakiya ke zama a kai shi ma ya siɗe, ya ɗauke shi a babur ya kai Zariya aka daidaita shi, ya turo mini sabon awo da magana ɗaya tak: «Akwai saura?» Kaka, wannan ne mutumin da ka ce ba ya so a tayar da maganar?

Da na zuba lambobin a milimita sai suka fito a birkice, babu kai babu gindi. Na yini ina juya su. Can sai na tuna injin ya girmi milimita a ƙasarmu, na mayar da su inci. Sai ga su sun zauna cif-cif, babu ɓurɓushi. Wani mutum da ban san sunansa ba ya zauna da fensir tun kafin a haifi Mama ya zaɓi lambobin nan, yau ga shi na gane abin da yake nufi.

Wannan karon ban yi gaggawar taɓa ƙarfe ba. Na fara yanka ukun a roba mai tauri, na kafa su a kan allo da tazarar da Kawu ya auno, na juya ɗaya da yatsa, sauran suka bi ba gardama. Sannan muka koma ƙarfe. Akwai injin da ke juya ƙarfen wuƙa na tsaye, shi ya fitar da zagayen da ramin tsakiya. Ɗaya injin, mai juya wuƙa, shi ya tsaga haƙora, da farko ya kwashe da yawa, daga baya ya bi a hankali yana shafewa. Na ƙara masa sauri don ina kallon kalanda, wuƙa ta karye da ƙara har kowa ya waiwayo. Shifu ya miƙo mini wata ya ce man-man, wato sannu-sannu. Da aka gama aka kai su wuta aka taurara bakin haƙoran.

Jiya na kai su wurin masu aika kaya ta jirgin sama. Sun ce za su sauka Kano kafin ranar kasuwarku in Allah ya so, amma da ƙyar. Da na fito na tsaya a bakin titi ina kallon jirage na tashi. Ban san wanne ne naku ba, sai na riƙa yi wa kowanne addu'a.

Ku rubuto ko yaya ta kasance, kuma ban da kara.

Rekiya

Dogon Fadama
Ƙarshen Disamba

Amaryata, maƙeriyar gidanmu,

Lafiya muke, lafiya sosai. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, tun ranar ba mu zauna ba.

Kaya sun sauka Kano ana jajiberin kasuwa. Al-Amin da kansa ya je ya ɗauko, ya ƙi aiken kowa. Washegari muna cikin kwance buhu sai ga Shitu da motarsa da sikelinsa da guduma. Ya ce ya zo cika alkawari. Na ce masa alkawarin na yau ne, rana kuwa ba ta faɗi ba, ya nemi inuwa.

Faifan farko ya ƙi shiga da hannu. Al-Amin ya ce haka ake so, ya shafa mai, ya ɗora katako ya buga a hankali, ya sauka ya zauna daram. Na kama shi da hannu biyu na girgiza, ko motsi. Haka na biyu, haka na uku. Aka ɗaura doki, shi ma da ƙyar ya yarda ya matso, bai manta wancan karon ba. Na ce bismilla na kaɗa shi.

Rekiya, ban ji ƙas-ƙas ba. Wani gurnani na ji mai taushi, wanda rabon kunnena da shi tun mahaifina na raye. Na ce a fara da siririn kara, Al-Amin ya ƙi. Ya zaɓo mafi kauri a cikin damin, guda uku, ya cusa su tare, ya ce in ƙarya ne a gani yanzu. Doki ko waiwaye bai yi ba. Rake ya shige ya fito ta baya a bushe, ruwa ya ɓalle ta bututu har ya fi ƙarfin bokiti.

Mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida. Maƙwabta da suka watse wancan karon suka dawo da gudu, kowa na cewa shi dama ya san za a yi. Ni kuwa hawaye suka zubo mini a gaban jama'a, ban kuma goge ba. Aka hura wuta a ƙarƙashin kasko, kafin la'asar ƙanshi ya kai bakin hanya. Shitu ya sha ƙoƙo biyu na ruwan rake, ya zagaya injin yana leƙen haƙoran. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce yana da irinsa matattu a filinsa da bai kai ga fasawa ba, ko yarinyar nan ta Sin za ta duba? Na ce sai na nemi izinin amarya. Ya tafi da sikelinsa babu abin da ya hau kai. Ki gaya wa Shifu wani tsoho a ƙasar Zazzau yana gaishe shi da babbar murya.

Saura abu ɗaya. Ina cikin zagayawa a bayan doki sai na ji an kama linzamin ta gefena. Al-Amin ne. Ya ce, «Baba, je ka zauna. Daga yau ni ne a nan.» Na buɗe baki in yi gardama, na dubi fuskarsa, na sakar masa.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro na zauna. Tun ina yaro ko dai ina bayan doki ko ina durƙushe ina cusa rake, ban taɓa komawa gefe na kalli injin nan yana juyawa ba. Ashe kyau gare shi.

Naki har kullum,
Ilu